Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ciwon Ganyen Haidaranjiya da Maganinsa

A cikin watan Yuni na kowace shekara, sa'ad da damina ta sauka a ƙasar Japan, sama ta lulluɓe da gajimare, yayyafi ya yi ta zuba ba dare ba rana, mutanen birnin Tokyo da kewayensa sukan ɗunguma zuwa wani tsohon gari da ake kira Kamakura, su yi jerin gwano a kan matakalar dutse ta wani ɗakin ibadar mabiya Buddha mai suna Meigetsu-in, domin su kashe ƙwarƙwatar idonsu da wani fure shuɗi wanda yakan buɗe a wannan lokaci, dunƙule-dunƙule kamar curin fura, dama da hagun hanya, har ya kusa rufe ta. Mutanen Japan suna kiransa ajisai. Turawan Ingila da Amurka suna ce da shi haidaranjiya, Faransawa kuwa, da duk wanda ya yi karatu da harshensu, sun san shi da sunan ortansiya.

Asalin irin da ya fi shahara, wato mai faffaɗan ganye, daga Japan ne, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 aka kai shi Turai, inda ya sami karɓuwa a lambun sarauta na Kew kusa da London, daga nan ya bazu har ya zama ado a ƙofar gidajen talakawa a yankin Biritaniya ta Faransa da tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, waɗanda ake yi wa ɗaya daga cikinsu, Faial, laƙabi da Shuɗin Tsibiri saboda yawansa a gefen gonaki. Akwai 'yan uwansa biyu da suka fito daga gabashin Amurka, ɗaya mai farin fure da laushin ganye, ɗaya mai ganye tsage-tsage, akwai kuma wani na gabashin Asiya mai fure kamar kan dawa, wanda ya fi sauran jure rana. A yau manoman tuddan Kolombiya suna noma shi don sayarwa, a yanka a ɗora a jirgin sama zuwa kasuwannin Amurka. Sunan nan haidaranjiya daga kalmomi biyu na harshen Girka aka harhaɗa shi, ɗaya ruwa ɗaya tulu, saboda surar kwanson irinsa. Amma duk wanda ya taɓa rainonsa zai shaida cewa sunan ya dace da ɗabi'arsa ma, gama da wuya a sami shukar ado mai ƙishirwarsa. Yana son sanyi, da inuwar la'asar, da ƙasa mai danshi. Don haka wanda ya yi sha'awar jarraba shi a ƙasashenmu, tuddai masu sanyi irin na Jos da Mambila da tsaunukan yammacin Kamaru su ne suka fi kusa da halinsa, amma zafin bazarar Sakkwato ko Damagaram, wanda kan haura digiri 40, ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Mafi yawan kukan da masu rainon wannan shuka suke yi a kan ganye ne: ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya yi tabo, bakinsa ya ƙone, ya nannaɗe, ko wani abu ya ci shi. Kuma mafi yawan kuskuren da suke yi ɗaya ne, shi ne da zarar sun ga alama sai su garzaya kanti su sayo maganin feshi, tun ba su tsaya sun yi tahakikin abin da ya jawo ta ba. Malamanmu na ɗibbu sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa alama daban, illa daban, kuma likitan da ya ba da magani a kan alama kaɗai, bai bi ta har zuwa sababinta ba, ya yi caca da ran majiyyaci. Haka Ibn al-Awwam, masanin noma na birnin Ishbiliya a Andalus, da ya wallafa Kitab al-Filaha a ƙarni na 12, ya ware babi musamman don cututtukan itatuwa da hanyar warkar da su, domin a wurin magabata jiyyar shuka fanni ne na ilmi da ake koyo, kamar jiyyar doki da ta ɗan Adam. Shuka ba ta da bakin faɗin inda ke yi mata ciwo, sai Allah Maɗaukaki ya sanya mata ganye ya zama harshenta. Wajibin mai lambu shi ne ya koyi wannan harshe.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa magani

Wanda ya ga canji a ganyen shukarsa, ya fara da tambayar kansa waɗanne ganyaye abin ya fara kamawa, tsofaffin da ke ƙasa ne ko sababbin da ke kan reshe, domin wannan kaɗai yakan raba mas'ala gida biyu. Sa'an nan ya duba surar abin: tabo ne mai iyaka, kewayayye ko mai kusurwa, ko kuwa launi ne ya bazu ko'ina ba shi da iyaka. Na uku, ya juya ganyen ya dubi bayansa, inda ƙwari ke ɓuya kuma funfuna ke fara bayyana, abin da mutane da yawa ba su yi, ko da yake ba ya cin daƙiƙa guda. Na huɗu, ya tuna abin da ya auku cikin mako biyu da suka wuce: an yi zafi mai tsanani ne, ko ruwa ya yi yawa, ko an zuba taki, ko an yi feshin ciyawa a kusa. Akwai kuma wata ƙa'ida da masana cututtukan tsirrai suke aiki da ita, wadda take da amfani ƙwarai: lahanin da ya zo farat ɗaya, ya kama ganye da yawa iri ɗaya a rana guda, galibi daga yanayi ne ko daga hannun mutum, wanda kuwa ya fara kaɗan-kaɗan a wuri guda, yana yaɗo kwana bayan kwana, to, akwai abu mai rai a bayansa.

Ruwa da rana

Ganyen haidaranjiya faffaɗa ne, ga laushi, kuma a bayansa akwai ƙananan ƙofofi barkatai waɗanda ido ba ya gani, ta inda ruwa ke fita ya bi iska. Idan rana ta take, ruwan da ke fita ta ganye yakan fi wanda saiwa ke iya jawowa, ko da ƙasa tana da danshi, sai ka ga shuka ta langaɓe da azahar kamar wadda za ta mutu, amma kafin magariba, ko da asuba, ta miƙe garau. Wannan yaushin tsakar rana ba cuta ba ne, kuma hukuncinsa shi ne a bar shi. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a duba shukar da sassafe, a cusa yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5. In ta wayi gari a miƙe, ƙasa da danshi, lafiyarta lau. In ta wayi gari a langaɓe, ƙasa a bushe, ƙishirwa ce, a ba ta ruwa a gindi sannu a hankali har ya ratsa ƙasa sosai, domin bayi mai zurfi sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafin kullum wanda ba ya wuce fatar ƙasa.

Amma in ta wayi gari a langaɓe alhali ƙasa tana jiƙe sharkaf, a nan ne hatsari yake, kuma a nan ne tausayi marar ilmi yake kashe shuka. Saiwa tana numfashi kamar kowace halitta mai rai, kuma idan ruwa ya kwanta ya cika duk ƙofofin ƙasa, sai ta shaƙe, sai wasu ƙwayoyin cuta masu son laima, waɗanda mafi sharrinsu ake kira Faitoftora, su far mata, ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi tamkar na mai ƙishirwa, mai lambu kuma ya ƙara ruwa, ya ƙara wa cuta ƙarfi da hannunsa. Kama da wane ba ta wane. A tona gefen gindi kaɗan a duba: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa-baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, wani lokaci da ɗoyi. In abin bai yi nisa ba, a tsai da bayi, a buɗe wa ruwa hanya, in a tukunya take a tabbata akwai huji a gindinta, a yanke saiwar da ta mutu a sake sabuwar ƙasa. In ya yi nisa, a tumɓuke ta, kuma kada a dasa wata a ramin.

Ƙunar bakin ganye, inda gefe da tsini suke bushewa su yi ruwan ƙasa har su riƙa marmashewa, ita ma tana da sababi biyu masu kama da juna. Na farko rana da busasshiyar iska, kuma alamarsa ita ce ƙunar ta fi yawa a ganyen sama da ɓangaren da ke fuskantar yamma. Maganinsa shi ne wuri mai hasken hantsi da inuwar la'asar, da shimfiɗa busasshen ganye ko ruɓaɓɓiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 7 kewaye da gindi, ba tare da ta taɓa kara ba. Na biyu isirafi wajen takin zamani, domin taki gishiri ne, in ya yi yawa sai ya janye ruwa daga saiwa, ƙunar ta bayyana 'yan kwanaki bayan zubawa. A nan sai a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke gishirin, a kuma dakata da taki. A ƙasashen sanyi akwai na uku, wato jaurar dare da kan faɗo bayan sabon ganye ya tofo, a wayi gari ya yi baƙi. Wannan sai haƙuri, shukar takan sake tofo.

Rawayar ganye da sirrin ƙasa

Daga cikin abubuwan al'ajabi na ƙudurar Ubangiji a wannan shuka akwai cewa launin furen irin nan mai faffaɗan ganye yana bin halin ƙasar da aka dasa shi. Masana suna auna tsamin ƙasa da wani ma'auni daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, abin da ya gaza haka mai tsami ne, abin da ya haura kuwa ya karkata wajen ɗabi'ar kanwa. A ƙasa mai tsami, wajen 5.5 ko ƙasa da haka, sinadarin alminiyam yakan narke saiwa ta sha, sai fure ya fito shuɗi. A ƙasar da ta kai 6.5 ko ta haura, alminiyam yakan ɗaure, sai fure ya fito ruwan hoda. Masu farin fure su kam ba su sākewa. Kowace uwargida ta san kanwa ke kashe tsami a tukunya, to haka al'amarin yake a cikin ƙasa, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar rawayar ganye.

Idan sababbin ganyaye na kan reshe suka fito fari-fari ko rawaya, alhali jijiyoyinsu suna nan kore shar kamar an zana su da alƙalami, to shukar ta rasa sinadarin ƙarfe ne. Galibi ƙarfen yana nan cikin ƙasa, kanwa-kanwar ƙasar ce ta ɗaure shi, saiwa ta kasa ɗauka. Dalilin da ya sa abin ke bayyana a sabon ganye kuwa shi ne, ƙarfe in ya shiga tsohon ganye ya zauna ke nan, shuka ba ta iya ɗebo shi ta kai wa sabo. Abubuwan da kan jawo wannan a gida sanannu ne: dasa shuka a jikin bangon siminti ko inda aka zubar da ɓaraguzan gini, da yi mata bayi kullum da ruwan rijiya mai farar ƙasa, da zuba mata tokar murhu, wadda take taki mai kyau ga wasu tsirrai amma ga wannan illa ce. Magani na gaggawa shi ne takin ƙarfe na ruwa da ake sayarwa don haka, ganye yakan farfaɗo cikin 'yan makonni. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne a mai da ƙasar mai tsami sannu a hankali, da garin farar wuta da ruɓaɓɓen ganye, a kuma riƙa tara ruwan sama don bayi. Masu neman shuɗin fure sukan yi amfani da wani gishirin alminiyam, irin alam ɗin nan da ake tace ruwan sha da shi, amma da awo, domin in ya zarce yakan ƙone saiwa.

Idan kuwa tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, har da jijiyoyinsu, shukar kuma ta tsumbure, to yunwar naitirojin ce, wanda shi shuka takan kwashe shi daga tsohon ganye ta ciyar da sabo, kamar uwar da ke hana cikinta don 'ya'yanta. Manomin masara ya san wannan rawayar, kuma taki daidai wa daida yana kawar da ita. In tsohon ganye ne ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi kaɗai, a tuhumi ƙarancin maganiziyam. Ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa da suka yi rawaya suka faɗi a ƙarshen shekara kuwa, wannan ajali ne na tsufa, babu abin da ya same su.

Tabo da funfuna

Tabon da ya fi yawa a ganyen haidaranjiya wata funfuna ce ke kawo shi, wadda masana ke kira Sarkosfora, kuma manomin gyaɗa a ƙasar Hausa ya san 'yar uwarta ido da ido, domin danginsu ɗaya da wadda ke yi wa ganyen gyaɗa ɗige-ɗige a tsakiyar damina. Takan fara a ganyen ƙasa da ƙananan ɗigo masu launin shunayya, su yi ta faɗi har tsakiyarsu ta koma ruwan toka, gefensu ya rage ja-ja, sa'an nan ta yi ta hawa sama. Hikimar wannan hawa ita ce, ƙwayoyin irinta suna kwana a cikin ganyen bara da ya zuba a gindi, ɗigon ruwan sama ko na bayi ya fantsama su zuwa ganyen da ke kusa da ƙasa, daga nan wani ɗigon ya ɗaga su gaba. Da wuya ta kashe shuka, sai dai ta ɓata mata kyau, in kuma ta yi ta maimaituwa shekara da shekaru ta raunana ta.

Wadda ta fi ta tsanani ita ce antiraknos, kuma ita ma ba baƙuwa ba ce gare mu, domin funfunar da ke kawo ta ita ce dai ke sa baƙin tabo a jikin mangwaro. Bambancinta da ta farko shi ne ba ta bin tsari daga ƙasa zuwa sama. Takan fito ko'ina, har a kan fure, da manyan tabo ruwan ƙasa, wani lokaci da zobe cikin zobe, kuma tana jin daɗin zafi mai haɗe da ruwa, da shukar da aka cika wa taki har ganyenta ya yi taushi. Akwai kuma tabon bakteriya, wanda ake gane shi da kusurwa-kusurwa, domin jijiyoyin ganye suna tare shi, kuma da farko yakan yi kamar an ɗiga wa ganye mai; shi maganin funfuna ba ya yi masa komai, sai mai sinadarin jan ƙarfe yake ɗan rage shi. A irin nan na Amurka mai farin fure akan sami tsatsa, wato ƙuraje ruwan lemo a bayan ganye waɗanda ke barin gari a yatsa. In kuma furen da ya tsufa ya faɗo a kan ganye a lokacin laima, wata funfuna mai gashi ruwan toka takan tsiro daidai inda ya kwanta, shi ya sa ake son a riƙa cire mataccen fure.

Farar funfuna, wadda ke sa ganye ya yi kamar an barbaɗa masa garin rogo, kamar yadda muke gani a ganyen kuɓewa da kabewa, ita ɗabi'arta ta saɓa wa sauran: ba ta bukatar ganye ya jiƙe, abin da take so shi ne rana mai ɗumi, dare mai sanyi da laima, da inuwa mai cunkoso inda iska ba ta ratsawa. Wani lokaci a saman ganye ba a ganin komai sai wani jirwaye shunayya, garin kuwa yana baya.

Duk waɗannan, ko da yake sunayensu sun bambanta, riga-kafinsu ɗaya ne, kuma ya fi magani. A zuba ruwa a gindi, kada a yi wa ganye wanka, a kuma yi bayi da safe domin abin da ya fantsama ya bushe kafin dare. A bar tazarar akalla mita guda tsakanin shuka da shuka, a rage rassan da suka cunkushe a tsakiya. A tsinke ganyen da ya kamu tun suna ƙalilan, a share wanda ya zuba, a ƙone shi ko a binne nesa, kada a zuba shi cikin tarin taki. Sai in cuta ta zama ta kowace shekara, ta kuma yi tsanani, sa'an nan a koma ga feshi, da mankozeb ko kulorotalonil ko mai jan ƙarfe, irin haɗin nan na Bodo da masanin Faransa Millardet ya bayyana a 1885 don ceton gonakin inabi. Amma a sani cewa waɗannan garkuwa ne ga ganyen da bai kamu ba, tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa har abada. Saboda haka ake farawa da ganin ɗigon farko, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Ga farar funfuna, farar wuta tana aiki, haka ma man darbejiya, itacen nan da ke ƙofar kowane gida a ƙasarmu, da sharaɗin kada a fesa su cikin zafin rana, kuma kada a haɗa su, ko a bi ɗaya da ɗaya kafin mako biyu, gama haɗuwarsu tana ƙona ganye.

Ƙwari, da abin da ba shi da magani

Idan ganye ya dushe, ya yi ɗigo-ɗigo fari ƙanana kamar an sossoke shi da allura, a lokacin zafi da fari, a riƙe farar takarda a ƙarƙashinsa a kaɗa shi. In an ga wasu 'yan ɗigo suna tafiya, jan gizo-gizon nan ne ƙanƙane wanda ke addabar masu tumatir a noman rani. Ƙafarsa takwas, ba ya cikin jinsin ƙwari, don haka yawancin magungunan ƙwari ba su kashe shi, sai ma su kashe maƙiyansa da ke cinye shi, ya ƙara yawa. Garin neman gira a rasa ido. A wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe, a bi da ruwan sabulu mai sauƙi ko man darbejiya. Darɓa kuwa takan taru a kan sabon tofo, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka, kuma magani ɗaya ne da na gizo-gizon. Manyan huji masu yage-yage, tare da wata sheƙi kamar majina a kan ganye, aikin dodon koɗi ne da dare, a fito da fitila a tsince shi. A Ingila da sauran Turai akwai wani ƙwaro mai manne wa ganye wanda ke barin farin ƙunshin ƙwai kamar auduga a bayansa, a Amurka kuma akwai tsutsar da ke ɗinke ganye biyu ta yi ɗaki a ciki, wadda ake buɗewa a cire da hannu.

Saura abu biyu da feshi ba ya yi musu amfani. Na farko bairos, wanda alamarsa ita ce zobe-zobe rawaya ko jirwaye a ganye, da murɗewa, da tsumburewar shuka. Wanda ya ji labarin annobar da darɓa ta yaɗa a gonakin gyaɗa na arewacin Nijeriya a 1975 ya san cewa cutar bairos in ta shiga jikin shuka ba ta fita. Bairos ɗin da ya fi kama haidaranjiya ta bakin almakashi da wuƙa yake yaɗuwa, da kuma reshen da aka yanka daga shuka mai ciwo don dasawa. Don haka a tumɓuke wadda ta kamu, a riƙa goge almakashi da sifirit tsakanin shuka da shuka. Na biyu maganin ciyawa, wanda iska kan ɗauko daga inda ake feshi, ko ya saura a cikin famfon feshin da ba a wanke ba, sai sabon ganye ya fito siriri, a murɗe, ko ya yi kamar ludayi. In abin kaɗan ne shukar takan murmure da kanta; darasinsa shi ne a ware famfon maganin ciyawa daban, kada a taɓa yin wani aiki da shi.

Wajibi ne kuma a yi gargaɗi cewa ganyen wannan shuka yana da guba. A 2008 an sami mutane a Japan da suka kamu da amai bayan sun ci ganyen da aka yi wa abincinsu ado da shi a gidajen cin abinci. Gaskiya ne mutanen ƙasar suna da wani shayi mai zaƙi, amaca, da suke yi daga wani iri na musamman bayan an sarrafa ganyensa, amma ba a yin ƙiyasin wannan a kan na lambu. A nisanta shi daga yara da awaki, kuma mai feshi ya rufe hanci da hannu, ya bi awon da aka rubuta a jikin kwalba ba ƙari.

Ya kai mai karatu, ko ba ka taɓa ganin wannan fure ba, ƙa'idar da muka bi a kansa ita ce ta lemon da ke bayan ɗakinka, da zogalen da ke tsakar gida, da tumatirin da ke fadama. Shukar da ka dasa amana ce a hannunka, kuma haƙƙinta na farko a kanka shi ne ka dube ta da idon basira kafin ka ɗora mata magani. Gobe da safe, kafin ka ɗauki butar bayi, ka tsuguna a gindinta, ka cusa yatsa cikin ƙasa, ka juya ganye ka dubi bayansa, ka tambayi kanka tambayoyin nan huɗu. In ka yi haka, sau da yawa za ka tarar cewa gyaran wuri, da awon ruwa, da tsintsiya sun ishe ka, kuɗin magani kuma ya zauna a aljihunka. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka.